Ciro wa ƙaramin yaro fasfo a Garwa: ta ina ake farawa, kuma yaushe yake fitowa?

Tun da aka ji na ciro wa ɗan autana fasfo yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, tambayar da mata suke yi mini a gidan suna da gidan biki ba ta wuce ɗaya: "Malama, da gaske ne a kwana biyu yake fitowa?" Nakan ce musu kwana biyun nan su ne na ƙarshe a lissafi. Kafin a kai gare su akwai takardun da sai sun haɗu, kuma a cikinsu akwai wadda takan ci watanni idan ba a yi ta a kan kari ba. Zan bi abin yadda na san shi a nan Garwa ta arewacin Kamaru, kuma na mutanen Marwa da Gaundare bai bambanta da namu ba.

Kafin 2021 fasfon Kamaru sefa 75,000 ne, kuma mutum kan ajiye takardunsa ya yi ta jira wata da watanni. Daga ranar 1 ga Yuli 2021 hukumar 'yan sanda ta ƙasa, DGSN, wadda Martin Mbarga Nguele yake shugabanta a lokacin, ta shigo da sabon tsari tare da kamfanin Augentic na Jamus da INCM na Fotugal. Kuɗin ya koma sefa 110,000, wato jaka 110, aka kuma yi alkawarin buga fasfo cikin awa 48. A Yawunde ake bugawa, sannan a turo shi cibiyar da aka ɗauki mutum hoto. Na jinjiri da na dattijo kuɗinsu ɗaya, kuma shekara biyar yake yi. Zamanin da ake rubuta yaro a cikin fasfon uwarsa ya wuce, yanzu kowa da nasa ko da goye yake a baya.

Shi ya sa nake cewa idan babu tafiya a gabanku, kada ku yi shi don ajiya. Shekara biyar ɗin tana fara tafiya ne daga ranar da aka buga shi, kuma ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna son ya kasance da sauran wata shida a jikinsa kafin su bar mutum ya shiga. Abin da ya kamata a yi tun yau, da tafiya ko babu, shi ne takardar haihuwa.

A nan zan daɗe, domin ni malamar firamare ce, kuma kowace shekara sai na ga yaran aji shida da suka iya karatu sun kasa zama jarrabawar CEP ta kammala firamare saboda ba su da akti, wato takardar haihuwa. Abin yana ci mini rai. Takardar da take hana yaro jarrabawa ita ce dai take hana shi fasfo.

Da farko a bambanta abu biyu da mata da yawa suke haɗawa. Takardar da ungozoma take ba ki ranar da za a sallame ki daga asibiti ba ita ce akti ba, sanarwar haihuwa ce kawai. Katin rigakafi ma ba akti ba ne. Akti, wanda a ofis ake kira acte de naissance, a meri, wato ofishin magajin gari, ake rubuta shi ko a ƙaramar cibiyar rajista ta unguwa ko ƙauye, a cikin babban littafi mai lamba, magajin gari ko wakilinsa ya sa hannu ya buga hatimi. Doka ta ba da kwana 90 daga ranar haihuwa, kuma rubuta yaro a cikin wannan wa'adi kyauta ne. Mu da muke raɗa suna ranar bakwai ba mu da uzuri: a yanka rago yau, a cikin makon nan uban yaro ya ɗauki takardar asibiti da katinsa da na matarsa ya nufi meri. Wadda ta haihu a gida ta je cibiyar lafiya mafi kusa tun jaririn yana ɗanye, a duba shi a ba ta shaida, mai unguwa ma yakan taimaka.

Idan kwana 90 suka wuce, maganar ta fita daga hannun meri ita kaɗai, sai da umarnin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Idan kuma aka daɗe sosai, sai kotu ta yanke hukunci, abin da muke kira jujuman. Za a nemi takardar likita da ta kimanta shekarun yaron, da takardar meri da ta tabbatar ba a taɓa rubuta shi ba, da shaidu waɗanda suka san haihuwarsa. Sai a jira ranar zama. Bayan hukunci ya fito a koma meri da shi, sannan a rubuta aktin. Wannan hanya ita ce mai cin watanni, kuma ku sani daga Yuli zuwa Satumba kotuna suna hutun shekara, zama yakan ragu. Wani lokaci alƙalai kan fita su yi zama a ƙauyuka da makarantu don yaran da ba su da akti, a yi wa da yawa a rana ɗaya. Duk wanda ya ji sanarwar irin wannan zama a garinsu, ya kai 'ya'yansa gaba ɗaya.

A daidai wannan gaɓar ne wani zai raɗa miki cewa ya san mai yin akti a kwana ɗaya. Ina roƙonki kada ki karɓa. Takarda ce mai hatimi da sa hannu, amma ba ta da tushe a littafin meri. Ranar da aka bincika ba a sami tushenta ba, a wajen fasfo ne ko a ofishin jakadanci, kuɗi sun tafi, kuma an jefa yaron cikin matsalar da zai girma da ita.

To, a ce akti yana hannu. Kafin a kashe ko dala ɗaya, a zauna a wuri mai haske a shimfiɗa takardu uku a kan tabarma: aktin yaro, katin ɗan ƙasa na uba, da na uwa. A bi sunayen harafi bayan harafi da ɗan yatsa. Sunayenmu da rubutun Faransanci ake rubuta su, kuma kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji. Usman ɗaya zai iya zama Ousmane, ko Ousmanou, ko Oussoumanou. A'isha takan fito Aïssatou a nan, Aïcha ko Aichatou a can. Muhammadu kuwa ba a magana: Mohamadou, Mouhamadou, Mohammadou. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma a wurin na'ura mutane ne dabam-dabam. Wata maƙwabciyata sai da ta biya kuɗi, ta goya 'yarta ta je ranar da aka ba ta, sannan aka nuna mata cewa sunan mijinta a katinsa ya fi na jikin aktin yarinyar da haruffa uku. Ta dawo ta zauna a tsakar gidana tana cewa, "Yaya, ai shi ne dai, kowa a unguwar nan ya san shi ne ubanta." Gaskiya ta faɗa, amma gyaran suna a jikin akti aikin kotu ne, kuma tafiyar da suka shirya sai da aka ɗaga ta. Tun ran gini tun ran zane: ranar da ake rubuta aktin, uba ya tsaya a kan magatakarda ya ga an kwafi sunansa daga katinsa, kada a rubuta daga baki.

Haka ranar haihuwar iyaye da garin da aka haife su, su ma a duba. Sannan a tuna yaran da muke sakaya sunansu saboda sunan kaka ne, Abba da Ummi da su Baffa. A duk takardun nan sunan yanka ne kawai yake aiki, yadda yake a akti, ba ƙari ba ragi. Alhaji da Malam da Hajiya ba sa shiga sai idan suna jikin katin.

Sauran takardun ba su da wuya idan akti ya tsaya daidai. Ana yin kwafinsa a kai meri ko ofishin sufurefe, wato jami'in mulki na gunduma, a tabbatar da shi, a manna tambur, wato kan sarki na haraji. Tambur na gwamnati ya koma sefa 1,500 tun 2023, a da 1,000 ne, kuma kusan kowace takarda da nata, don haka a ware 'yan jakunkuna a gefe ban da kuɗin fasfon. Kada a yi wannan kwafin tun da wuri a ajiye, ofisoshi sun fi son wanda bai wuce wata uku ba.

Sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa, certificat de nationalité, wadda kotun matakin farko take bayarwa. Babba yana da katinsa da zai nuna, yaro ba shi da shi, don haka ni shawarata kada a je wajen fasfo babu ita. Ana kai kwafin aktin yaro da takardun uba, a biya tambur, a koma a karɓa bayan alƙali ya sa hannu. Ba ta ɗaukar dogon lokaci, sai dai ta danganta da samun alƙalin a ofis. Mu mutanen bakin iyaka sai mun ƙara kula a nan, domin gidaje nawa ne a Yelwa ko Marware da uwa 'yar Mubi ce ko Yola ko Njamena? A dokar zama ɗan ƙasa ta 1968, yaron da ubansa ɗan Kamaru ne shi ma ɗan Kamaru ne, wannan ba abin fargaba ba ne. Inda ake samun tsaiko shi ne idan uwar ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙetare ta haihu a can, takardar haihuwar ta zama ta wata ƙasa. Mai irin wannan ya fara zuwa kotu da cibiyar fasfo da takardar a hannu ya ji abin da za su nema, kafin ya biya komai.

Ta ƙarshe ita ce izinin iyaye, autorisation parentale. Takarda ce gajera da take cewa ni wane, mai kati lamba kaza, na yarda a yi wa ɗana wane fasfo. Mai sa hannun yakan je da kansa a tabbatar da sa hannunsa a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko ofishin sufurefe, a haɗa da kwafin katinsa da aka tabbatar. Mu maigidana ne ya sa hannu, kuma ina ganin idan uba yana raye kuma ana iya samunsa, shi ya fi dacewa ya yi, don a toshe ƙofar tambaya. Matan direbobi da na fatake, ku sa ya yi ta kafin ya kama hanyar Duwala, kada ranarku ta zo yana can. A kuma duba katin nasa bai mutu ba. Idan ya mutu sai an sabunta, kuma tun Fabrairun 2025 shi ma katin ta intanet ake fara nemansa, a idcam.cm, kan sefa 10,000. Idan uban ya rasu, uwa ta tafi da takardar rasuwarsa. Ɗan riƙo kuwa, komai daɗewarsa a hannunki, ba ke za ki sa masa hannu ba sai da takardar kotu da ta ba ki riƙonsa, in ba haka ba sai a nemo iyayen da sunansu yake jikin akti.

Sai duk waɗannan sun kammala a cikin jaka ɗaya sannan a taɓa intanet. Shafin shi ne passcam.cm, kuma a rubuta shi da hannu, kada a bi wani da aka turo ta WhatsApp ko Facebook. Za a nemi lambar waya ko imel, a turo wasu lambobi na tabbatarwa, sai a cika bayanan yaro da na iyaye. Akti ya kasance a buɗe a gabanki kina kwafa, har da wanne suna ne yake gaba wanne yake baya. Daga nan a biya kuɗin, ta Orange Money ko MTN Mobile Money ko katin banki, a zaɓi cibiya da rana, a fitar da takardar a buga ta. A sa ɗan abin da ya haura jaka 110 a cikin asusun saboda kuɗin turawa, kuma kada a goge saƙon da ya nuna an biya.

Wadda ba ta saba da wannan ba ta je shagon masu kwamfuta, ba abin kunya ba ne. Amma ta zauna kusa da yaron shagon, ta sa ya karanta mata abin da ya rubuta, kuma lambar wayarta za a sa, ba tasa ba, domin a kan wannan lambar saƙon fitowar fasfo zai shigo. Ladan bugawa kawai za ta ba shi. Masu cewa a ƙara musu jaka ashirin ko talatin sun san wani a ciki, babu abin da za su yi miki wanda takardunki ba za su yi ba. Idan takardun sun cika ba ki bukatarsu, idan ba su cika ba su ma ba za su cika su ba.

Wajen zaɓen rana, a ɗauki safiya. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san abin da zaman layi da goyo yake nufi bayan ƙarfe sha ɗaya. Mutanen Gidar da Figil da Lagdo da Poli da Cholire, gara ku shigo gari tun ana gobe ku kwana wajen 'yan'uwa.

Dole a zo da yaron, domin a nan ake ɗaukarsa hoto. A riƙo takardun asali tare da kwafinsu, da takardar da aka buga daga intanet, da katin wanda ya kawo shi. Na kuma sa 'yan hotuna 4x4 a jaka, sun yi mini amfani daga baya wajen biza. Ga ƙaramin yaro hoton nan shi ne babban aiki. Ana son fuska tana kallon gaba, ido a buɗe, baki a rufe, babu hula, babu hannun kowa a ciki. Kada a rambaɗa masa kwalli ranar, kada a shafe shi da mai har goshi yana ƙyalli, a sa masa riga mai duhu marar ado. A ba shi nono ko kunu kafin a kira ku, amma ba har ya yi barci ba. Nawa da ya ga baƙuwar fuska da fitila sai ya maƙale a wuyana ya ƙi juyowa. Na zauna na ɗora shi a cinya, na riƙe ƙugunsa ta ƙarƙashin riga yadda hannuna ba zai fito ba, na kautar da kaina gefe. Babansa ya zaga bayan mai ɗaukar hoton yana kaɗa makullan babur yana kiran sunansa. Yaron ya ɗago yana neman inda ƙarar take, a wannan ɗagowar aka ɗauka. Ku je ku biyu idan da hali, ɗaya ya riƙe ɗaya ya ja hankali.

Kafin ku tashi za a nuna muku bayanan da aka shigar don ku tabbatar. Yaro yana kuka, mutane suna jira a baya, zuciya tana cewa a sa hannu a tafi. A daure a karanta: suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, namiji ko mace. Gyara a wannan lokacin minti ɗaya ne, bayan an buga kuwa wata doguwar magana ce. Sai a ba ku rasit, wanda da shi za a karɓi fasfon, a adana shi kamar kuɗi.

Yanzu ga lissafin lokaci. Awa 48 ɗin nan ba daga ranar da kika biya kuɗi take farawa ba. Tana farawa ne bayan an ɗauki hoto kuma an amince da takardun, sannan Asabar da Lahadi ba sa ciki, haka ranakun hutu irin 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu da Sallah ƙarama da babba. Bayan an buga a Yawunde kuma sai ya yi tafiya zuwa arewa. Namu bai cika mako biyu ba saƙo ya shigo wayata. Na ga wanda nasa ya riga haka, na kuma ga wanda ya ɗan fi haka saboda an sake duba wata takarda tasa. Samun ranar zuwa ma yakan yi nisa idan mutane sun yi yawa, musamman gab da azumi saboda masu Umra, da lokacin shirin Hajji, da kuma hutun damina da ɗalibai suke neman fita karatu.

Ga yadda ni nake auna wa mai tambayata. Wanda aktinsa yake daidai, katin uba yana da rai, ya ba kansa wata guda daga fara haɗa takardu zuwa riƙe fasfo. Wanda sai ya sabunta kati ko ya jira uban yaro ya dawo daga tafiya, ya sa wata biyu. Wanda sai ya bi ta jujuman ko gyaran suna, ya fara tun da saura rabin shekara, kuma kada ya yi wa kowa alkawarin rana. A duk cikinsu kada a sayi tikitin jirgi sai fasfo ya shigo hannu, domin bayansa akwai biza, ita ma da nata kwanakin.

Akwai kuma katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a filin jirgi. Ana yi wa yaro wannan allurar ne yana da wata tara, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, don haka kada a bar shi sai makon tafiya. A duba sunan da aka rubuta a jikinsa ya zo ɗaya da na fasfo.

Ranar karɓa, wanda ya kai yaron ya koma da rasit da katinsa. A buɗe fasfon a nan gaban tebur a karanta kafin a fita ƙofa. A gida a yi kwafin shafin hoton, a ɗauke shi a waya, shi kuma a sa shi cikin leda tare da akti a akwatin ƙarfe inda gara da ruwan damina ba za su kai ba, nesa da hannun mai shi, don yaro ba ya bambanta fasfo da littafin zane.

Idan uwa ce kaɗai za ta fita da yaron, ko kaka za ta tafi da shi Umra, izinin da aka bayar don yin fasfo bai wadatar ba. A sake rubuta wani na fita da yaro ƙasar waje, a ambaci sunan mai tafiya da shi da lambar fasfonta da ƙasar da za su da kwanakin tafiyar, uba ya sa hannu a tabbatar, a haɗa da kwafin katinsa da na aktin yaron. A riƙe su a jakar hannu, ba a cikin kayan da za a auna ba, domin a teburin 'yan sandan filin jirgi ake tambayarsu.